Wai taurari sun jeru a layi ɗaya: me ake nufi, kuma me mutumin Legas zai iya gani da idonsa?

Tun watan Janairun 2025 saƙon nan na jeruwar taurari ke ta zagaya WhatsApp, ya lafa ya sake tasowa da sabon kwanan wata. Hoton dai kusan ɗaya ne kullum, wasu ƙwallaye shida ko bakwai a jere kamar 'ya'yan carbi, a ƙasa an rubuta wai a daren kaza kowa ya fito ya gani don ba za a sake ba sai bayan ɗaruruwan shekaru. A nan Legas wanda ya fito tsakar gida a Agege ko Idi-Araba ya ɗaga kai bai ga carbin ba sai ya ce ai dama ƙaryar Turawa ce, wani kuma ko fitowa bai yi ba tsoro ya riga ya kama shi don an haɗa masa saƙon da girgizar ƙasa da alamomin tashin duniya. To labarin yana da tushe, hoton ne da bayanin da ake liƙa masa suka ɓata shi.

Tauraro daban, duniya daban

Matsalar farko daga harshe take. Bahaushe duk ɗigon haske da ya gani a sama da dare tauraro yake ce masa, alhali abu biyu ne mabambanta. Tauraro na ainihi irin rana ne, wuta ce mai ci da kanta, nisa ne kawai ya mayar da shi ɗan ɗigo. Shi'ira, wanda ya fi duk taurarin dare haske kuma sunansa ya zo a Suratun Najmi, haskensa sai ya yi tafiyar shekara 8 da rabi da 'yan kai kafin ya iso idonka, ita kuwa rana da ke kilomita miliyan 150 daga nan minti 8 kacal nata yake yi.

Na biyun su ne ake fassarawa da duniyoyi, wato 'yan uwan wannan ƙasa da muke takawa, basu da wutar kansu, hasken rana ne yake dukansu ya dawo mana kamar yadda yake yi wa wata. Su takwas ne har da tamu. Biyar daga ciki ana ganinsu da ido tsirara tun zamanin kaka da kakanni, kuma malaman hisabi na ƙasar Hausa sun san su da sunayen Larabci: Uɗaridu, Zuhura, Mirriku, Mushtari da Zuhalu. A manhajar waya za ka tarar da su a matsayin Mercury, Venus, Mars, Jupiter da Saturn, bi da bi. Sauran biyun sai da madubin hangen nesa aka gano su, Yuranos a 1781 ta hannun William Herschel a Ingila, Neftun kuma a 1846 a Balin bayan lissafi ya nuna inda ya kamata a duba. Wanda ya yi firamare kafin 2006 zai ce ai tara aka koya mana, gaskiya ne, a watan Agustan wannan shekara ne ƙungiyar masana falaki ta duniya ta zauna a birnin Firag ta cire Fuluto, wadda a da ake lissafawa ta tara, daga sahun manya.

Zuhura dai ba baƙuwa bace a wurinmu. Ita ce Zara matar wata da ake gani yamma bayan magariba, kuma ita ce dai Gamzaki da ke fitowa gabas kafin asuba. Mutane da yawa har yau suna ɗauka taurari biyu ne. Abu ɗaya ne, gefen rana kawai take sauyawa, ta yi wata takwas zuwa tara tana bin bayan rana da yamma, ta ɓace 'yan kwanaki, sai ta ɓullo tana riga rana fitowa. A azumin 2025 an ga wannan ƙarara, farkon watan tana nan tangaran a yamma lokacin buɗa baki, wajen 23 ga Maris ta gifta tsakaninmu da rana, bayan sallah da 'yan kwanaki masu fita sallar asuba suka fara ganinta ta gabas.

Daga ina layin ya samo asali

Duniyoyin nan duka suna zagaya rana ne kusan a kan shimfiɗa guda, ka ɗauka faifai ne, rana a tsakiya su kuma kowacce da da'irarta, wata kusa wata nesa. Mu ba a saman faifan muke muna leƙowa ba, a kansa muke zaune, don haka duk lokacin da muka hango 'yan uwanmu dole mu gansu a kan hanya ɗaya da ta ratsa sama daga gabas zuwa yamma, hanyar da rana take bi da rana, wata ma ita yake bi da dare. Taurarin buruji goma sha biyu a gefen wannan hanya suke. Kenan duniyoyi kullum a layi suke, jiya ma haka, baɗi ma haka. Abin da ke sauyawa shine guda nawa ne suka faɗo ɓangaren da ke sama a daidai lokacin da gari ya yi duhu.

Su kuwa gudunsu ba ɗaya ba. Uɗaridu kwana 88 yake gama zagaye, Zuhura 225, mu shekara guda, Mirriku kwana 687, Mushtari kusan shekara 12, Zuhalu 29 da rabi, Yuranos 84, Neftun 165. Tunda na nesan tafiyar hawainiya suke, idan suka taru a gefe ɗaya na sama sai su daɗe a nan, na kusan su zo su same su su wuce su sake dawowa, shi ya sa labarin jeruwar ya yi ta maimaituwa a 'yan shekarun nan.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin teku da dare ta wajen Lekki ko Tarkwa Bay ya ga fitilun jiragen ruwan da ke jiran shiga Apapa, zai gansu kamar an jera su a zare ɗaya a ƙarshen ruwa, alhali wani ya fi wani nisa da kilomitoci. Haka abin yake. Ranar 21 ga Disambar 2020 Mushtari da Zuhalu sun matsu da juna a ido har kamar za su haɗe, rabon da su yi kusa haka tun 1623, amma a haƙiƙa tazarar da ke tsakaninsu a wannan dare ta haura kilomita miliyan 700.

Abin da ya faru a Janairun 2025 shine guda shida suna sama lokaci ɗaya bayan magariba. Zara da Zuhalu a yamma kusa da juna, Mushtari can tsakar ka ba nisa da Kaza da 'ya'yanta, Mirriku ja-ja yana tasowa daga gabas, su huɗun nan duk mai lafiyar ido zai gani ko a Obalende yake. Yuranos da Neftun suna cikin lissafi amma ido baya kama su a gari. Zuwa 28 ga Fabrairu Uɗaridu ya shigo aka ce sun zama bakwai, sai dai a lokacin Zuhalu ya riga ya nutse cikin jan hasken faɗuwar rana, ganinsa sai an sha wuya. Kuma ba a dunƙule suke ba, sun bazu ne daga wannan gefe na sama zuwa wancan, sai ka juya wuya. Wanda ya fito neman carbi dole ya koma ɗaki da takaici.

Masu cewa abu ne babba da masu cewa ba komai

Kafafen labarai da masu neman a danna shafinsu sun fi son kalmar ba kasafai ba. Suna da ɗan abin kamawa, don ganin duka biyar ɗin nan na ido tsirara a lokaci guda ba kowace shekara ake samu ba, misali a watan Yunin 2022 sun fito da asuba a jere daidai da tsarin nisansu daga rana, wanda rabon da a ga haka tun Disambar 2004. Masana falaki kuma suna cewa uku ko huɗu a sama lokaci ɗaya abu ne da aka saba, kuma miƙaƙƙen layi irin na hoton, a ce duka takwas sun yi sahu a bayan rana, ba abu ne da za a zauna jira ba tunda da'irorin nasu kowacce ta ɗan karkace da 'yar uwarta.

Sai masu cewa jeruwar tana janyo girgizar ƙasa ko ambaliya saboda ƙarfin jan duniyoyin ya haɗu. Tunanin ba daga iska ya faɗo ba, ai wata da rana suna jan ruwan teku da gaske, duk masunci a Makoko ko Epe ya san cikar ruwa da janyewarsa suna bin wata. Amma irin wannan ja yana raguwa sosai da nisa, Zuhura da ta fi kowacce matsowa kusa da mu, ko a ranar da ta fi kusa tasirinta a kan teku bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na wata ba. An yi irin wannan hasashe a kan 10 ga Maris 1982, aka sake a kan 5 ga Mayun 2000, ranakun suka zo suka wuce lafiya lau.

Ta fuskar addini kuma malamai sun daɗe da raba ilimin taurari gida biyu. Akwai na lura da tafiyarsu don sanin alƙibla, lokaci da yanayin shekara, wannan jama'ar malamai basu ga laifinsa ba, har ma ayoyi sun ambaci shiryuwa da taurari a tudu da teku, kuma a kansa manoman Arewa suka gina lissafin taurarin damina. Akwai kuma na cewa tauraro kaza ya shiga buruji kaza don haka aurenka ko kasuwarka za ta yi kaza, wannan shi ne hadisai suka yi gargaɗi a kai suka haɗa shi da sihiri. Masu duba suna da nasu bayanin, suna cewa su alama suke karantawa ba wai tauraron ne ke aikatawa ba, kuma fannin yana da tsohon tarihi a wurinmu, Muhammadu al-Katsinawi da ya rasu a Alƙahira a 1741 ya yi rubutu a lissafi da sirrin taurari duka. Ta ɓangaren kimiyya dai gwaje-gwajen da aka yi basu nuna wata alaƙa tsakanin matsayin duniyoyi da halin mutum ko arzikinsa ba. Ɗaga kai ka kalli Mushtari ka san sunansa yana gida na farko ne.

Wani saƙon da ke dawowa kusan duk Agusta shine wai za a ga wata biyu a sama don Mirriku zai yi girman wata. Asalinsa 27 ga Agustan 2003 ne, lokacin da ya matso kusan kilomita miliyan 56, aka rubuta cewa idan ka duba ta madubi mai ninka abu sau 75 zai yi maka girman wata a ido tsirara, masu turawa suka yar da zancen madubin suka bar sauran.

Yadda za ka gane su a saman Legas

Legas tana da illa tana kuma da wata falala da ba a cika faɗa ba. Illar kowa ya sani, fitilu, hayaƙin janareta da na motoci, gajimare daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba da Oktoba, sannan lokacin da ruwa ya ɗauke daga Disamba sai hazon hunturu ya sauko. Amma duniyoyi huɗun nan masu haske, Zuhura, Mushtari, Mirriku da Zuhalu, basu damu da fitilar gari ba, ƙananan taurari ne ke ɓacewa, har ma abin ya zo da sauƙi tunda waɗanda suka rage a sama 'yan kaɗan ne. Falalar ita ce garin yana wajen digiri 6 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka hanyar nan ta rana tana bi ta kusan tsakar ka, duniyoyi suna hawa can sama inda iska ta fi tsabta. A Landan akwai shekarun da Zuhalu baya ɗagawa sama da rufin gidaje sosai, mu nan ba mu san wannan ba.

Matakin farko ka lura da inda rana ta faɗi da inda ta fito a unguwarku, ka ja layi a ranka daga nan zuwa can ta saman kai. A kan wannan hanya kawai za ka nema. Duk abin da ka gani can ƙasa ta kudu wajen teku ko can arewa sosai, komai haskensa, ba duniya bace. Kar ka dogara da alƙibla a matsayin gabas tsantsa, daga Legas ta karkata arewa sosai.

Na biyu ƙyaftawa. Tauraro yana ƙyalƙyali yana rawa, wani lokacin har launi yake canzawa kamar Shi'ira, don ɗigo ne siriri da iska ke wasa da haskensa. Duniya kuwa haskenta a tsaye yake kamar fitilar sola daga nesa. Dokar tana karyewa idan abun ya yi ƙasa-ƙasa kusa da rufin kwano, a nan kowa rawa yake.

Sai kowacce da kamanninta. Zuhura fara ce tas, bayan rana da wata babu abin da ya kai ta haske, saboda gajimaren da ya lulluɓe ta yana mayar da mafi yawan hasken da ya faɗo mata. Bata taɓa nisa da rana fiye da digiri 47, wato idan ka miƙe hannu ka dunƙule shi, dunƙule ɗaya kusan digiri 10 ne, to huɗu da rabi kenan. Don haka awa uku da 'yan mintuna bayan faɗuwar rana ta tafi. Maigadi da ya ga wani farin tauraro mai ƙarfi a tsakar ka ƙarfe ɗayan dare, ba Zara ya gani ba, mai yiwuwa Mushtari ne. Mirriku ja ne kamar garwashi, amma haskensa ba tabbas, duk wata 26 ne muke cim masa ya yi ƙarfi na 'yan watanni, kamar yadda ya yi a tsakiyar Janairun 2025, sauran lokaci sai ya dushe ka rantse ba shi bane. Zuhalu ruwan ɗorawa ne mai laushi, ba ya ɗaukar ido. Uɗaridu shi ne ɗan wahala, baya wuce digiri 28 daga rana, sai dai ka kama shi cikin minti 30 zuwa 45 bayan faɗuwarta ko kafin fitowarta, na sati biyu ko uku, kuma kana buƙatar fili ba gini a gabanka. Nan ma mu mun fi Turai sa'a don a nan yana tsayuwa ne sak a saman inda rana ta faɗi.

Abin da ya fi rikita mutanen Agege, Ikeja da Oshodi shine jirage masu sauka a filin Murtala Muhammed, jirgin da ya fuskanto ka da fitilarsa zai yi kamar a tsaye yake na minti ɗaya ko biyu, ka ɗan jira za ka ga ya gusa ko jar fitila ta fara ƙyaftawa. Ɗigon da ke tafiya shiru ba ƙyaftawa ya ratsa sama cikin 'yan mintuna tauraron ɗan Adam ne, idan kuma ka ga su da yawa a jere kamar jirgin ƙasa taurarin ɗan Adam ne na intanet ɗin Starlink da ba a daɗe da harbawa ba, ga ainihin carbin da ake nema amma na mutum ne. Duniya bata gudu a ido, tana tafiya ne tare da sauran sama a hankali zuwa yamma, dunƙule ɗaya da rabi duk awa.

Manhajoji irin Stellarium suna da na kyauta, ka kunna wurin da kake ka ɗaga wayar sama ta nuna maka suna. Kamfas ɗin waya yakan rikice kusa da ƙarfe ko janareta, don haka gara ka fara da wata, ka ga ko inda manhajar ta ajiye shi nan yake, in ya dace to sauran ma daidai ne. A titi dai a san inda ake ɗaga waya da dare, saman bene ko harabar masallaci sun fi.

Sai an sayi madubi?

A'a, don ganinsu kawai ido ya isa. Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 10x50, idan ka jingina gwiwar hannu a katanga don kar ya yi rawa, zai nuna maka ƙananan ɗigo har huɗu a gefen Mushtari, watanninsa ne da Galileo ya gani a 1610, kuma gobe in ka duba sun sauya wuri. Zoben Zuhalu kam sai madubi mai ƙafa da ke ninkawa kamar sau 30 zuwa sama. A 2025 ma ko mai madubin bai more ba don ranar 23 ga Maris zoben ya juyo mana da kaifinsa, abin da ke faruwa duk shekara 13 zuwa 15, yanzu a hankali yake sake buɗewa. Waɗanda ake tallatawa a intanet da kwali mai hoton duniyoyi kala-kala da alƙawarin ninkawa sau ɗari biyar, faɗin gilashin ne ke aiki ba lambar kwali ba, ƙaramin gilashi a kan ƙafa mai rawa ba abin da zai nuna sai dishi-dishi. Kuma ko da wasa kar a saita kowane irin madubi wajen rana, musamman masu neman Uɗaridu, a bari ta faɗi gaba ɗaya tukuna, makanta ce nan take, yara su aka fi ji wa.

Inda abin ya taɓa rayuwar yau da kullum

Jeruwar kanta bata ƙara kuɗin tumatir a Mile 12 bata rage ba. Inda sanin ya ke da amfani wuri biyu ne, kuma duka sun shafi ibada. Na farko duban wata. Jinjirin daren farko siriri ne ƙwarai, yana ƙasa kusa da inda rana ta faɗi kuma baya daɗewa, idan Zara tana wannan gefen a cikin hazo ko ta leƙo ta tsagin gajimare mai ɗoki zai iya rantsuwa wata ya gani, balle ma ita kanta a madubi siffar lauje take yi idan ta matso kusa da mu. Irin wannan na cikin dalilan da ya sa ake yi wa mai shaida tambayoyi, ƙarfe nawa, ta wane gefe, ƙahonnin ina suka kalla, kafin labari ya kai ga kwamitin duban wata da fadar Sarkin Musulmi.

Na biyu masu auna asuba da Gamzaki, kamar direbobin da suka kwana a hanya da masu sauke kaya da tsakar dare. Fitowarsa bata da tsayayyen lokaci, wani watan yana riga rana da awa uku, lokacin ko alfijir bai keto ba, wani watan da rabin awa kacal bayan gari ya fara wayewa, wasu watannin ma baya nan sam yana can yamma a matsayin Zara. Mai sahur da ya dogara da shi zai iya ajiye cokali da wuri ko ya zarce.

Ga mai son ya sa rana, Mushtari yana kai ƙarshen haskensa duk wata 13, ya fito da magariba ya kwana a sama. Mirriku zai sake yin irin nasa a Fabrairun 2027, daidai lokacin rani da gajimare ya yi sauƙi a Legas in hazo ya bari. Taruwar da ta fi kama da hoton WhatsApp ɗin, inda biyar ɗin za su matsu a ɗan yanki guda na yamma tare da jinjirin wata, lissafi ya ajiye ta a farkon Satumbar 2040, kuma Satumba a garin nan watan ruwa ne, mai niyya sai ya fara tunanin Sakkwato ko Katsina ko ya yi addu'ar gajimare ya yaye.